Ƙullin garahuni a teburin likita

Yau na raka Gwaggo asibiti a auna mata suga. Likita bai gama duba katinta ba ta kwance bakin mayafi, ta fito da ƙullin garin garahuni da zogale, ta ce, "Likita, ba zan ɓoye maka ba, wannan nake jiƙawa kowace safiya, ina haɗawa da ƙwayoyin da kuka ba ni." Na zaci faɗa zai yi. Sai ya buɗe ledar, ya shinshina, ya ce, "Hajiya, cokali nawa kike zubawa?" Ta ce gwargwadon abin da hannu ya ɗebo. Cikin natsuwa ya bayyana mata cewa idan ganye ya sauke suga, ƙwaya ma ta sauke, sugan na iya faɗuwa fiye da kima, mutum ya ji jiri da gumi da karkarwa, har ya kai ga suma.

Tambayar cokalin nan ce ta tsaya mini a rai. Ita kanta metformin, wadda masu ciwon suga ke sha a ko'ina, binciken da ya haife ta ya faro ne daga Galega officinalis, wani tsiro na Turai da kan kashe dabbobi idan sun ci da yawa, kuma sai a 1957 likita Jean Sterne ya gwada ta a kan marasa lafiya a Faransa. Garahuni da zogale na iya ɗauke da wani alheri, amma har yanzu a gidajenmu da hannu ake ɗibarsu, babu mai iya faɗin nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa.