Ɗan Kura na gaskiya: daga rijiyar baba zuwa kan Buzu

Wanda ya taɓa ganin Buzu ya sha rawani mai baƙin shuɗi, yana ɗaukar ido a rana, har launin ya hau masa goshi da kumatu, to ya ga aikin garinmu. Sunan wannan rawani ɗan Kura, Buzaye kuma suna ce masa alasho. Yadin da ake yinsa da shi shi ne turkuɗi. A karofinmu, wato filin rijiyoyin rini, nan Kura, kan hanyar Zariya idan ka baro Kano, aikinmu ke nan: mu rina da baba, ganyen da ke ba da shuɗin, mu kai mabuga, mu naɗe, mu miƙa wa fatake.

Mutane idan ana zancen arzikin Kano sai su tsaya a birni. Gaskiya ne birni ne kasuwa. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma sunayen unguwannin da ke kewaye da ita kaɗai sun isa su gaya maka irin mutanen da ciniki ya tara. Ga Zangon Barebari, masaukin mutanen Borno. Ga Tudun Nufawa, Nufawa kuwa an san su da saƙa da aikin riga. Ga Ayagi ta Yarabawa, ga Agadasawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, tun lokacin da kalmar Bature Balarabe take nufi. Wangarawa sun riga su duka, sun zo daga Mali da addini da fatauci tun zamanin Sarki Yaji. A wajen ganuwa kuma Fagge ce zangon raƙuman Azbinawa, masu kawo gishirin Bilma da dabino su koma da hatsi da tufafi. Amma tufafin da duk waɗannan baƙi suke ɗauka, mafi yawansu ba a cikin ganuwa aka saƙa su aka rina ba. Daga Kura da Bunkure da Dal da ire-irensu suke shiga birni a kan jakuna.

Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya ƙiyasta mutanen birnin sun kai 30,000, suna ninkawa idan ayari ya sauka da rani. Ya ce rinannen yadin Kano yana kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, yana kaiwa Tambutu ta yamma, kuma abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Wannan kuɗi daga bakin rijiyoyi irin namu ya fito.

Rijiyar ita ce farkon komai. Ana haƙa ta zurfin gaba biyu, wata har uku, bakinta bai wuce kamu biyu ba, don kada iska ta yi wa ruwan yawa. Ba a barinta ƙasa tsura, sai an shafe cikinta da laso. Laso haɗi ne na ƙonannen katsi, wato laka da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, da gashin dabbobi da ake samowa wurin majema da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. Ana shafa shi hawa-hawa, wannan ya bushe a ƙara wani. Rijiyar da aka yi wa laso mai kyau sai ta ga jikokin wanda ya haƙa ta. Wasu yanzu suna shafe tasu da siminti don sauri, to amma siminti yana tsagewa, ruwan baba ya riƙa tsiyaya cikin ƙasa ba ka sani ba, sai dai kullum ka ga rijiya tana raguwa. Ita ma ƙasar da ke kewaye tana da nata aikin: tana riƙe ɗumi dare da rana, baba kuwa ba ya son sanyi ko kaɗan.

Shi baba ana yanke shi ne da kaka, kafin ganyen ya tsufa ya fara zuba. A daka shi ɗanye, a cura, a shanya a inuwa mai iska har ya bushe ƙayau. Mai kyau idan ka fasa curin za ka ga cikinsa baƙi-baƙi da shuɗi, ba nauyi, ba warin ruɓa. A nan ne muke shan wahala da masu kawo mana kaya. Tun da ruwan madatsar Tiga ya iso ƙasar Kura noman shinkafa ya cinye fadamu da hankalin manoma, baba ya koma sai an sayo daga nesa, kuma wanda bai san ranar da za ka buɗe buhunsa ba ba ya jin kunyar cusa maka kara da yashi da ganyen da ba shi ba. Buhu ya yi nauyi a sikeli, a rijiya kuwa ba launi. Saboda haka ba ma karɓar buhu sai an zazzage shi a tabarma, an fasa curi daga sama da tsakiya da ƙasa.

Haɗin rijiya kowane gida da awonsa. A namu, rijiya mai gaba biyu tana cin kimanin buhu uku na busasshen baba. Ana cika ta da ruwa saura kamar kamu ɗaya, a zuba toka da ƙonannen katsi, a dama, a bari ya kwanta, sannan a zuba baba a rufe da murfin da aka saƙa da ciyawa. Tokar ita ce ke ba ruwan kaifi, kuma ba kowace toka ba: wadda aka kwaso daga murhun da aka ƙona leda da shara ba ta shiga rijiyarmu. Kwana uku ba a taɓa ta. Daga nan a fara motsawa da muciya, doguwar sanda mai kai, safe da yamma, ana taso na ƙasa zuwa sama a hankali. Ba a bugun ruwan kamar mai kaɗa miya, don iskar da za ta shiga ita ce ke kashe shi. Da bazara kwana bakwai zuwa goma ya isa baba ya nuna. Da hunturu sai ya kai mako biyu ko fiye, kuma babu dabarar da za ta sa ya yi sauri ba tare da ta ɓata shi ba.

Yadda ake gane ya nuna shi ne ainihin ilimin marini, kuma ba a koyonsa da baki. Kumfa za ta taru a sama, shuɗiya mai ɗan ja-ja kamar tagulla. Idan ka kawar da ita, ruwan ƙasa ba shuɗi ba ne, kore ne mai ɗan rawaya. Ka murza shi tsakanin yatsu ka ji santsi kamar sabulu. Tsofaffin marina har ɗanɗanawa suke yi a bakin harshe. Idan santsin ya yi yawa har yana cin fata, toka ta yi yawa, zai ci zare kuma launi ba zai kama ba. Idan babu santsi, ga wari mai tsami, toka ta gaza, baba yana hanyar ruɓewa, sai a ƙara masa kaɗan-kaɗan ana jira, ba a juye masa gaba ɗaya. Yaron da aka kawo koyo yakan shekara yana ɗebo ruwa da wanke yadi da shanya, yana kallon kumfa yana shaƙar warin rijiya, kafin a yarda ya riƙe muciya. Hannunsa ma sai ya rine har wuyan hannu kafin hancinsa ya fara rarrabe baba mai rai da wanda ya gaji.

Turkuɗi kafin ya zo mana ya riga ya bi hannu biyu. Masaƙi ya saƙa shi siriri, faɗinsa bai fi yatsa ba, sannan maɗinki ya haɗa gwamman waɗannan siraran gefe da gefe da allura har su zama faɗin rawani. Gwargwadon sirantarsu da yawansu, gwargwadon tsadarsa. Mu kuma abu na farko shi ne wanki. Sabon yadi yana ɗauke da sitaci da maiƙon hannu, idan aka tsoma shi haka zai fito dabbare-dabbare, kuma babu yawan tsomi da zai gyara shi. A wanke, a matse, a tsoma shi da danshinsa.

Ana tsoma shi ne a hankali, ana juya shi a ƙarƙashin ruwa da hannu ana buɗe kowane ninki, ba a sake shi ya nutse ya taɓo katsi. Bayan 'yan mintoci a fito da shi, a matse a bakin rijiya, a warware a iska. Yana fitowa kore ne shar. Kana tsaye kana kallo zai juye, daga gefuna zuwa tsakiya, ya koma shuɗi. Sai koren ya ɓace gaba ɗaya ake mayar da shi. Mai gaggawa da ya mayar da shi da sauran kore, launin farko zai sake narkewa ne a rijiya, ya yi aikin banza. Shuɗi mai haske tsomi biyu ko uku ya ishe shi. Turkuɗi kuwa sai ya sha goma ko fiye, a cikin kwanaki, ana fara shi a rijiyar da ta ɗan gaji a ƙarasa shi a sabuwa mai ƙarfi, har ya yi baƙin da idan ka ɗaga shi a rana za ka hango ja-ja a cikinsa.

Rijiya idan ta ƙare ba a zubar da komai nata. A kwashe ruwan, a kwaso katsin da ya kwanta a ƙasa, a cura, a shanya, a ƙona. Shi ne zai koma sabon haɗi, shi ne kuma zai zama laso. Magina ma da suna saye don shafe rufin soro.

Daga karofi sai mabuga, inda walƙiyar take fitowa. Ana shimfiɗa yadin a kan gungumen icce mai tauri da aka goge ya yi sumul, a yayyafa ruwa kaɗan, a barbaɗa garin shuni da aka murje da ɗan kitse, a ninke. Mutum biyu suna fuskantar juna, kowa da sandar bugu mai nauyi, wannan ya sauke wannan ya ɗaga. Daga nesa idan ka ji sautin ka san ko gwanaye ne. Ana bugu ana sake ninki ana ƙara shuni har zaren ya kwanta, fuskar yadin ta koma kamar ƙarfe. Ruwa ya yi yawa, walƙiya ba za ta tashi ba. Ya yi kaɗan, ko hannu ya yi nauyi a wuri ɗaya, sai ɗinkin ya fashe, aikin mutum huɗu ya lalace a bugu guda. Ana gamawa a naɗe shi a takarda, don kada hannu ya taɓa fuskar.

Shunin nan da yake sauka a fatar mai rawani ba aibi ba ne, Buzaye shi suke so. Wannan ne kuma ƙofar da masu jabu suka samu. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti a 1897 ake samun masu neman gajeriyar hanya, yanzu kuwa abin ya wuce misali. Mutum ya sayi farin yadin inji mai araha a Kantin Kwari, ya bi shi da layin keke don ya yi kama da haɗin siraran saƙa, ya dama hodar rini da soda a rabin duro, cikin awa guda ya gama, ya sha masa bugu da hoda mai yawa, ya naɗe a takarda irin tamu ya ce ɗan Kura ne. Ranar farko yana walƙiya. Bayan wata biyu hodar ta kakkaɓe, abin da ke ƙasa toka-toka ne, sodar kuma ta riga ta cinye zaren. Abin da ya fi ciwo shi ne mai saye ya zo karofi ya taya namu da kuɗin wancan, ya ce ai a birni haka ake bayarwa. A birnin ba wannan aka ba shi ba.

Gane su ba wuya. Juya bayan yadin ka duba haɗin: na gaskiya kowane siriri da bakinsa na saƙa, ɗinkin hannu kuma ba ya tafiya daidai kamar na keke. Zaro zare ɗaya daga gefe ka warware shi, namu ya rinu har ciki, na duro cikinsa fari-fari ne. Sannan ka shinshina. Baban rijiya yana da warinsa na ƙasa da toka wanda ba ya barin yadi ko ya shekara a akwati.

Birni ya sauya sau da yawa a kan idon wannan sana'a. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, ciniki ya juya daga hamada zuwa teku. Gyaɗa ta zama sarauniya, Alhasan Dantata na Bebeji ya yi suna da ita, Kwarori, wato 'yan Lebanon da Siriya, suka kafa kantunansu, Sabon Gari ta cika da Ibo da Yarabawa da sauran mutanen kudu. Masaƙun zamani sun tashi a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, yawancinsu kuma sun rufe, yadin Sin ya cika kasuwa. Turkuɗi bai mutu ba saboda mai sayensa bai sauya ba. Har yau dillali a birni ne yake haɗa mu da Buzu, kaya su bi ta Daura ko Maigatari zuwa Damagaram, daga nan Tanut, sai Agadas. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka mu yake fara taɓawa: rufewar 2019 da ta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, duka biyun rawuna sun yi watanni a naɗe a ɗaki.

Mai son kaya don bikin Biyanu na Agadas, wanda ake yi a watan Muharram, ko taron Ingal na ƙarshen damina, ya yi magana tun da saura wata biyu, domin da damina shanya tana wuya, rijiya kuma ba ta son ruwan sama ya shige ta. Idan ka karɓa, ka bar shi a takardarsa, a wuri busasshe, kada ka haɗa shi da fararen kaya. Ba a wanke ɗan Kura da sabulu. Idan walƙiyarsa ta dushe bayan an sha ɗaurawa, ka dawo da shi, za mu mayar da shi mabuga a ƙara masa shuni.