Idan sensa ta yi shiru, bel ne ya tsaya ko waya ce ta katse?

Aikina gyaran lantarkin injuna ne a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Cikin injunan gidan babu wanda nake sa wa ido kamar elebeta, doguwar hasumiyar nan da bel mai ɗauke da ƙananan bokitai ke zagayawa a cikinta yana kai shanshera sama. Fulin sama, wato gargaren da bel ke zagayawa a kansa, shi ne ke jan bel. Idan gindin ya cushe ko kaya suka yi yawa, bel yana iya tsayawa cak, fulin kuma ya ci gaba da juyawa yana gurzar roba. Roba ta ɗau zafi a rufaffen wuri mai cike da ƙurar ɓuntu, abin da ke biyo baya gobara ce, wani lokacin har da fashewa. Shi ya sa ake ɗaura sensar gudu a fulin ƙasa, wanda bel kaɗai ke juya shi. A Amurka, dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, kan wuraren sarrafa hatsi ta nemi elebetar da ke cikin gini ta mutu da kanta kafin raguwar gudun bel ta wuce kashi 20 cikin ɗari. Mu ma haka muka saita: ƙararrawa a kashi 10, kashewa a kashi 20.

Akwai lokacin da ɗaya daga cikin elebetocinmu ta dinga mutuwa cikin dare ba dalili. Da na buɗe akwatin wuta wata safiya, sai na tarar da guntuwar jar waya an jona ta a bakin rile, wato makunnin da ke kashe inji da kansa. Ma'ana ko bel zai kama da wuta, injin ba zai tsaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na nemi shugaban masu aikin dare, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, na ce, "Baba, wa ya yi wannan?" Ya ce, "Injiniya, ni na sa aka yi. Duk sanda ta kashe mana inji sai mu buɗe ƙofar ƙasa mu ga bel lafiya lau, ga motoci na jiran kaya. Na'urar nan taka ƙarya take yi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na tabbatar da haka da idona. Na sa ma'aunin juyi a sandar fulin ƙasa, yana nuna 80 a minti ɗaya bai motsa ba, amma fuskar na'urar tana sauka 60 ta koma 80, ta sake sauka 60. Wannan adadin ne ya tona asiri. Bel mai zamewa ba ya tsayawa a lamba ɗaya, hawa da sauka yake yi. Faifan da sensa ke kallo kuwa kawunan ƙusoshi huɗu gare shi, kowanne ya gifta ta ƙirga ɗaya. Idan ta rasa ɗaya cikin huɗu a kowane zagaye, na'urar za ta ɗauka gudu ya ragu da kashi 25, wanda ya haura iyakar kashewa. Na kashe wuta, na sa kwaɗo a makunni, na tsuguna da tocila. Uku baƙin ƙarfe ne, na huɗun wani ya canza shi da farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ga shi ya ɗan fi sauran gajarta. Irin wannan sensa ba ta jin farin ƙarfe daga nisan da take jin baƙi. An rubuta a jikinta cewa tana jin ƙarfe daga nisan milimita 5, amma abin da masu ƙera ta suka lamunce bai wuce kashi 81 cikin ɗari na wannan ba, wajen milimita 4 ke nan. Girgiza ta sassauta noti, tazarar ta buɗe. Na mayar da ƙusar da ta dace, na matso da sensa zuwa milimita 3, na ɗaure ta da noti biyu, sannan na cire jar wayar a gabansa.

Matsalar da ta fi wannan zurfi ɓera ne ya nuna mana ita, ranar da ya ci wayar wata sensa. Sensa mai waya uku da muke da ita a lokacin magana biyu kawai ta iya: akwai wuta, babu wuta. Bel ya tsaya, shiru. Waya ta katse, shiru. Fitila ɗaya ce ke kamawa, mai aiki kuma ba shi da hanyar rabewa. Na dage sai da aka sayo irin da ake kira NAMUR, mai waya biyu, wadda ke aiki da bolt 8.2. Ita kullum akwai 'yar wuta da ke bi ta cikinta: ƙasa da miliamfiya 1.2 idan ƙarfe na gabanta, sama da 2.1 idan ya wuce. Idan wutar ta faɗi kusa da sifili, waya ta katse. Idan ta haura wajen 6, wayoyin sun haɗe.

Daga nan muka raba fitilu. Ja: bel na zamewa, kar a sake tayar da inji sai an buɗe gindi an duba. Ruwan ɗorawa: sensa ko wayarta ce, a kira mai lantarki. Manaja ya so a bar inji ya ci gaba da aiki idan ruwan ɗorawa ce ta kama, tunda bel lafiyarsa ƙalau. Ban yarda ba, domin daga wannan lokacin babu mai gadin bel ɗin. Muka tsaya a kan cewa za a fara rufe ƙofar zuba shanshera, bokitai su juye abin da ke cikinsu, sannan inji ya mutu. Rilen ma na juya shi yadda sai da wuta yake riƙewa, ko fis ya ƙone inji tsayawa zai yi.

Na rage lokacin da na'urar ke kau da kai yayin tayar da inji, ya zama 'yan daƙiƙoƙi kaɗan sama da abin da bel ke buƙata ya kai cikakken gudu. Na kuma lura idan aka koma janareta kuma bugun wutarsa ya sauko daga hertz 50 zuwa 47, duk injuna na rage gudu da kashi 6, don haka matse iyakar ƙararrawa zuwa kashi 5 neman hayaniya ne kawai.

Hayaniyar nan ina jin tsoronta. A matatar mai ta Milford Haven da ke Birtaniya, a 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 cikin mintuna 11 na ƙarshe kafin fashewar. Jagoran EEMUA 191, littafin ƙa'idojin tsara ƙararrawa a masana'antu, ya ba da shawarar kada a wuce ƙararrawa ɗaya a minti goma idan aiki na tafiya daidai. Namu gidan ƙarami ne, amma kunnen ɗan Adam ɗaya ne. Yanzu idan elebeta ta tsaya, injunan da ke bayanta suna mutuwa shiru, ita kaɗai ke kuka.

Sabuwar sensar ma akwai abin da ba ta kamawa. Idan ta goce daga gaban ƙusoshin, wayarta lafiya, wutarta daidai, jar fitila za ta kama kamar bel ne ya tsaya. Saboda haka duk ranar da aka tsayar da aiki don shara, nakan auna tazarar da hannu, in zare waya ɗaya in ga ruwan ɗorawa ta kama, in haɗe biyun in sake gani. Dattijon nan ya roƙi a riƙa yin gwajin a gaban yaransa na dare, yanzu su ke zare wayar ni ina kallon fitila.