Ranar da rumbun bayanai ya ce ɗaki ya cika

Ranar Talata da hantsi Alhaji ya kira ni daga shagonsa a Tawa, ko gaisuwa bai ƙarasa ba: "Yaro, abin naka ya ƙi. Ga motar albasa ta iso daga Galmi, ko buhu ɗaya mun kasa shigarwa."

Manhajar ni na rubuta musu. Rumbun bayanan PostgreSQL ne, yana kan wata saba, wato kwamfuta mai ajiye bayanai, da muke haya a Faransa. Na ce, "Baba, rezo ne, a ɗan yi haƙuri." Mu nan komai ya lalace rezo, wato layin sadarwa, ke shan zagi. Sai da na ajiye waya na tuna ta WhatsApp ya kira ni, muryarsa kuma tar.

Na fara duba ko adireshin intanet na shagon ya canza, don in ya canza, katangar tsaro za ta rufe musu ƙofa 5432, wadda ake shiga rumbun ta cikinta. Lafiya lau. Da na buɗe kundin kurakurai na ga sabar tana cewa masu shiga sun yi yawa. PostgreSQL dai in ba ka taɓa saitinsa ba, haɗi 100 yake karɓa a lokaci guda, wato layukan da kwamfutoci ke buɗewa zuwa gare shi. Shagon kuwa kwamfuta biyar ce!

A cikin pg_stat_activity, inda rumbun ke nuna masu shiga, na tarar da haɗe-haɗen jere, casa'in da 'yan kai, duk a zaune ba aikin fari ba na baƙi. Ashe ɗaukewar wuta ce, ga shi lokacin zafi. In wuta ta tafi, kwamfuta ba ta sallamar saba, ita kuma Linux, manhajar da ke tafiyar da sabar, sai ta jira daƙiƙa 7200, awa biyu cur, kafin ta leƙa ko mutum na nan. Wuta na dawowa, manhajata ta buɗe sababbin haɗi goma a kowace kwamfuta, ga tsofaffin ba su rufu ba. Wannan laifina ne.

Raina ya so in ɗaga adadin zuwa 500 in huta. Na fasa, don kowane haɗi yana cin nasa rabon ƙwaƙwalwa, ƙarshenta a ce mu hayi babbar saba, kuma Alhaji ba ya wasa da jaka ɗaya. Na kori matattun haɗin da umarnin pg_terminate_backend, na mai da tcp_keepalives_idle, wato lokacin jiran nan, daƙiƙa 60, da dare na sa wata manhaja, PgBouncer, a tsakani ta riƙa raba wa kwamfutocin 'yan haɗi kaɗan.

Kafin azahar an shigar da buhunan. Har yau Alhaji na gaya wa mutane rezo ne, ban kuwa gyara masa ba.