Tarihin rayuwata, kashi na 17: maganar Kawu a kan ɗan kuturu

Salamu alaikum jama'a. Na san na yi alkawarin wannan makon zan kawo labarin zamana a Agadas wajen Yaya, ku yi min afuwa, yaran fadarmu ne suka tayar min da tsohon miki. Tun ranar Talata suke ta surutu wai ƙungiyarsu ta canza mataimakin koci, mataimaki fa, ba shi kocin ba, wani har cewa yake bana kofi ya zo gida. Na ce musu ku 'yan Manchester ba haka kuka yi a 2024 ba da aka kawo wa kocinku Ten Hag mataimaka su Van Nistelrooy? Kun hana unguwar Zango barci kuna cewa an gyara gida, Oktoba bai ƙare ba aka sallami shi mai gidan.

Allah ya jiƙan Kawu. Shi ne ya fara sa tele a zaure a layinmu, dala ashirin ake biya, ni ke tsayawa bakin ƙofa ina karɓar kuɗi bayan an tashi daga lakwal. Shi ba ya goyon kowa a Turai, yana can gefe kan buzunsa da carbi da 'yar rediyo, amma duk ranar da aka sayi wani ɗan wasa da tsada matasa suka cika zaure da ihu sai ya ɗaga kai ya ce, ku dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ranar da Chelsea ta ɗauko Torres a kan fam miliyan 50, Janairun 2011, haka ya faɗa, wani maƙwabcinmu tela har ya yi fushi ya daina gaishe shi. Sai watan Afrilu Torres ya ci ƙwallonsa ta farko, Kawu bai ce uffan ba, shayi kawai ya aika wa telan.

Ni ɗan Arsenal ne kowa ya sani, amma a 2019 da aka kawo Pepe daga Lille fam miliyan 72, ni kaɗai a fada na maimaita maganar Kawu, aka ce min munafuki, aka ce in koma Chelsea. Waɗanda suka faɗa suna karanta wannan, na san su sun san kansu. A 2023 aka raba gari da shi ya tafi Turkiyya, har yau babu wanda ya zo ya ce min ashe gaskiyarka. Na Antony da Manchester ta sayo kuwa ba sai na faɗa ba, yaro yana juyi da ƙwallo wuri guda ana tafi.

To amma ba kowane ƙaramin canji ne ƙarami ba, nan ne inda abin yake min ciwo. Ku tuna Harouna Doula. Ɗan ƙasa ne, shi ya ja Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, muka doke Masar 1-0 a Yamai a 2010, Maazou ya ci, Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere. Daren nan Damagaram ba a yi barci ba, 'yan kabu-kabu tun daga Birni har Sabon Gari suna ta oda, Inna ma da ba ruwanta da ƙwallo sai da ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Shi ya kai mu gasar Afirka ta 2012 karon farko a tarihi, 'yan Afirka ta Kudu suna can suna rawa a fili sun zaci su suka wuce. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba shi gwarzon koci na 2011. Sai ana gab da tafiya aka ce an kawo Bafaranshe Rolland Courbis, wai mai ba da shawara ne kawai. Gabon ta ci mu 2-0 aka tura Doula gefe, Tunisiya ta ci mu, Maroko ta ci mu, muka dawo ko maki ɗaya babu. Na tambayi Kawu, to shi wannan ai ya nuna yatsunsa goma cif, me ya sa ba a yabe shi ba? Ya yi shiru, can ya ce ɗana, na gida ko ya shekara ɗari sai an ce a sake ƙirgawa.

Ban san ni ma hakan na jira na ba. Ƙungiyar yaran unguwa ni na tara su, ni ke ɗauko jarkar ruwa a kan keke lokacin da ruwa ke wuya a garin nan, ni ke kai ƙwallo wajen baduku a ɗinke in ta fashe, yaron da ba shi da takalmi in cire kuɗin cefane in saya masa na roba, uwargida tana gani ta yi haƙuri. Da muka fara cin wasannin hutu sai wani Alhaji ya saya mana riguna, ranar da ya kawo su ya zo da wani saurayi daga Yamai mai takardar horarwa da usur a wuya, ya ce Malam ga wanda zai riƙa taimaka maka. Taimako! Kafin azumi ya zo ni ne mai riƙe jakar riguna, yaran da na goya suna wuce ni suna gaida shi. Ya zo da 'yan wasa biyu da aka ce sun buga a babban birni, aka ajiye min mai tsaron gida da ɗan gabana a benci, su kuma baƙin ko rabin lokaci ba sa kaiwa a yashin filinmu sai haki. Damina ba ta zagayo ba ya tattara ya koma, rigunan ma ba a san inda suka shiga ba.

Alhajin muna haɗuwa a masallacin Juma'a, muna gaisawa, bai taɓa tayar da maganar ba ni ma ban tayar ba, amma ban manta ba. Ɗan gaban nan nawa da aka ajiye yanzu magidanci ne, shi ke kawo min 'ya'yansa ya ce Baba a koya musu. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga motar Agadas.