Godiya bayan aikin tiyatar Abban yara

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar muka dawo gida, sai yau na samu ƙarfin riƙe waya.

Kun ga irin yawon da muka sha. Wasu su ce ciwon kunne ne, wasu su ce sammu, har akwai waɗanda suka gan shi yana tangaɗi a hanyar masallaci suka yi masa ƙazafin shaye-shaye. Sai da hoton MRI ya nuna baƙin layi ya zagaye ƙwaƙwalwarsa da lakarsa aka kira cutar da sunanta, sidarosis. Jini ne ke ɗiga kaɗan-kaɗan cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ya kwanta a kan jijiyoyi kamar tsatsa, ya ci jinsa, ya taɓa tafiyarsa. Mafarin kuwa 'yar yagewa ce a mayafin laka, tun haɗarin motar da ya yi a hanyar Zariya shekara 14 da suka wuce. Ita aka ɗinke.

A ƙofar ɗakin tiyata ne ƙafata ta kasa ɗaukata. An cire masa na'urar kunne, ina ta yi masa addu'a, shi kuwa bakina kawai yake kallo, idonsa cike da tsoro. Sai wani nas, yaro matashi, ya zaro biro ya kama tafin hannunsa ya rubuta Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Abban yara ya karanta, ya dunƙule hannun, aka shiga da shi a haka. Ɗana, ko sunanka ban tambaya ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan mahaifanka, kada Ya bar ka kai kaɗai ranar tsoro.

Kawu, na san ba ka so a faɗa, amma kai ka sayar da bijiminka. Goggo, kin riƙe min yara sati 3 ba ki taɓa kirana da ƙorafi ba. Ɗalibansa da suka yi layin ba da jini, likitocin da suka tsaya a kansa, Liman da jama'ar masallacinmu, Allah Ya saka da Aljanna, Ya suturta ku, Ya raba ku da jinya. 'Yan uwan da muka yi ta sauraron sallamarsu har aka sallame mu, Allah Ya sa lafiya ce ta riƙe ku.

Likita bai ɓoye mana ba, jin da ya tafi da wuya ya dawo. An dai toshe inda jinin ke fita. Ana duba yiwuwar ba shi deferiprone, maganin da ke janye ƙarfen, wanda sai da gwajin jini duk sati. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Masu zuwa dubiya, don Allah kada ku ɗaga masa murya, yana jin kunya. Ku fuskance shi, ku yi magana a hankali. Na ajiye takarda da biro kusa da gadonsa.