Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarun Samaru

A makon jiya na tsaya ne a ranar da takardar shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta iso gidanmu a Tudun Wada. Karatun lauya na nema a harabar jami'ar da ke Kongo, makina bai kai ba, aka ba ni soshiyoloji, wato nazarin zamantakewar jama'a, a harabar Samaru. Baba ya jujjuya takardar ya ce, "To Uwata, in an gama wannan me ake zama?" Na sunkuyar da kai, don ni ma ban sani ba.

Shekarar farko sunayen Turawa muka sha: Comte, Marx, Weber, da Durkheim, wanda a 1897 ya nuna cewa hatta kashe kai yana da alaƙa da ƙarfi ko raunin dangantakar mutum da jama'arsa. Hadda kawai nake yi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Sai da muka zo kan Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, da bayaninsa na yadda asabiyya, wato haɗin kan jama'a, ke kafa daula, jin daɗi kuma ya rushe ta, sannan karatun ya fara shiga. Da na ba Baba labari, ashe ya san Muƙaddima, littafin Ibn Khaldun, tun a zauren malaminsa da ke cikin birni. Daga ranar ya daina kiran abin da nake yi "karatun hira".

Abin da ya ciyar da ni daga baya kuwa darasin dabarun bincike ne, wanda kowa ke gudu saboda lissafi. Aikina na ƙarshe a kan 'yan mata masu talla na yi shi. Maza 'yan ajinmu iyakarsu zaure, su sha ruwa, maigida ya gaya musu abin da ya ga dama. Ni kuwa da sallama sai tsakar gida. Can na ga uwa ba ta fita, ita ke suyar ƙosai ko awara, yarinya ce ƙafarta, ribar tana tafiya adashi, adashin kuma kayan ɗakin yarinyar ne. Duk mai cewa a hana talla bai faɗi inda gado da kwanuka za su fito ba, to bai shiga gidajen nan ba.

Wannan digiri ba ya zuwa da ofis a rataye kamar na likita. 'Yan ajinmu sun watsu: wasu aikin gidan yari, wasu hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ko ɗan sanda, wasu sashen kula da ma'aikata a banki, da yawa koyarwa. Waɗanda suka iya tambayar mutane, suka kuma iya juya amsa ta zama alƙaluma, su ƙungiyoyin rigakafin shan inna suka fi nema.

Ni ƙidayar jama'a ta 2006 ce ta fara ba ni kuɗin gumina. Yadda na shiga, da wata tsohuwa da ta rantse ba mai ƙirga mata jikoki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.