Mudu nawa kuka ci a makon nan?

Ina cikin waɗanda suka tattara bayanai a binciken yanayin rayuwar 'yan Najeriya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tsakanin 2018 da 2019. Ƙungiyarmu ta faɗa Jigawa. Kowa da ƙaramar kwamfutarsa ta hannu da jerin gidajen da aka riga aka zaɓa, kuma ba dama ka canza gida don maƙwabci ya fi sakin fuska.

Da abin da gida ya ci ya kashe ake auna talauci a binciken, domin manomi ba shi da albashin da zai faɗa. Don haka tambayar abinci ta fi cin lokaci: a kwana bakwai da suka wuce, gero nawa, mai nawa, an saya ne ko daga rumbu aka ɗebo, ko kyauta ce.

A wani gida maigidan ya tare ni a zaure, tun kafin in zauna ya ce ba su da ko akuya, alhali ina jin kukanta a ciki. Na ce, "Baba, wannan fa ba rajistar tallafi ba ce, ba za a ba kowa ko sisi ba." Ya ce, "'Yata, ai duk mai rubutu daga gwamnati yake." Ban ga laifinsa ba. A lokacin ana biyan wasu gidaje tallafin naira dubu biyar a wata, labarin ya zagaya ko'ina.

Kasancewata mace ya sa nake shiga cikin gida, kuma can gaskiyar lissafin take. Uwargida ce ta san awo. Ta ɗauko mini kwanon da take auna gero, sai na ga bai kai mudun kasuwa ba. Da na rubuta mudu biyu kamar yadda mijin ya ce, da na ƙara musu abincin da ba su ci ba. Daga ranar nake cewa a nuna mini ma'aunin da idona.

Masu ɓoye rashi sun fi tsaya mini a rai. Wata dattijuwa ta ce sun ci nama sau biyu, amma murhunta sanyi ƙalau da rana tsaka. Na ajiye kwamfutar, muka ɗan yi hira, sannan na ce, "Inna, jiya da dare me aka ɗora?" Ta sunkuyar da kai, ta ce kunu ne, yara kaɗai suka sha.

A watan Mayun 2020, ana tsaka da kullen korona, sakamakon ya fito. Kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan ƙasa, wato mutum miliyan 82.9, suna rayuwa a ƙasa da naira 137,430 a shekara, kimanin naira 376 a rana. Borno ba ta cikin lissafin saboda rashin tsaro. Sakkwato da Taraba da Jigawa kowacce ta haura kashi 87, Legas kuwa kashi 4.5.

Irin waɗannan alƙaluma ake dubawa a zana taswirar talauci, a san yankin da za a fara da shi wajen rajistar marasa galihu. Daga cikinsu kuma ake fitar da alamomin da ake auna gida da su, kamar irin rufin ɗaki, ruwan sha da yawan yara. Gida kimanin dubu 22 kacal aka tambaya a madadin ƙasar gaba ɗaya, kowane gida yana tsaye ne a madadin dubbai. Kunun dattijuwar nan da akuyar Baba duk suna cikin kashi 87 ɗin Jigawa.

Akuyar na rubuta ta. Da zan tafi Baba ya rako ni har bakin hanya yana tambaya yaushe kuɗin za su zo, na sake gaya masa ban zo da alkawarin komai ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya.